Ranar ƙuri'a mutum uku ne, ranar biya mutum ɗaya

A cikin watan Fabrairun da ya wuce na dawo gida bayan la'asar na tarar an zura mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Layi biyar ne da Faransanci. Wai rufin kankaren benenmu, wanda magina ke ce wa dal, ya tsage, ramin masai kuma ya cika ya fara tsatsafowa. An riga an yi magana da wani ɗan kwangila, aikin zai ci sefa miliyan 4 da dubu 800. Saboda haka kowane mai sashe ya kawo sefa dubu 800 cikin kwana 30. Ba a kira taro ba, ba a nuna mana ƙiyasin kuɗin aikin ba, ba mu ma san sunan ɗan kwangilar ba. Sa hannun shugaban gidan ne kawai a ƙasa.

Benen namu a nan Garwa yake, sassa takwas ne masu girma ɗaya, amma mu masu mallaka mu shida ne. Alhajin da ya gina shi ya sayar da biyar ya riƙe uku, kuma shi ne shugaba tun ranar da muka tare. Cikin mu biyar ɗin akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata sashe ɗaya a hawan sama, tana zaune da jikoki. Ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa da takardar a hannu. Ta ce, “Ɗana, karanta mini. An ce wai kuɗi ne, ni kuwa ban ji an yi shawara ba.”

Da na karanta mata sai na ɗauki biro na yi lissafi. An raba kuɗin gida shida, wato bisa kawunan mutane. Da an raba shi gida takwas bisa yawan sassa, dubu 600 ne zai hau kan kowane sashe, Alhaji kuma ya biya miliyan 1 da dubu 800. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara biyu da suka wuce, lokacin da aka yi gardama kan sauya mai gadi, Alhaji cewa ya yi ƙuri'a uku gare shi tun da sassa uku ya mallaka. Ranar ƙuri'a shi mutum uku ne, ranar biya kuma ya koma mutum ɗaya.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Duk wanda za a ɗora wa kuɗin babban gyara a ginin da yake da kaso a ciki, haƙƙinsa ne a kira shi, a nuna masa takardu, ya jefa ƙuri'a kafin a ƙulla kwangila. Kuma mudun da aka auna ƙuri'arsa da shi, da shi za a auna kuɗin da zai biya. Amma akwai iyaka guda, wadda sai da na sha wuya na yarda da ita: idan gini ya kai ga barazana ga rai, ƙuri'ar ta tsaya kan wa zai yi aikin, nawa ne, yaya za a biya. Ba ta da hurumin cewa kada a gyara.

Wani zai ce wannan ai matsalar mutanen Yawunde da Duwala ce, mu a Arewa kowa da gidansa da zaurensa. Da haka ne, amma abin yana sauyawa. Fili a tsakiyar gari ya yi tsada, benaye suna tashi a Garwa da Marwa da Ngaundere, shaguna a ƙasa mazauna a sama. Kamfanin gidaje na gwamnati, SIC, wanda aka kafa tun 1952, yana da rukunin gidajensa a Rumde Ajiya. Shirin gaggawa na shekara uku da gwamnati ta ƙaddamar a 2014 ya tanadi gidaje 100 a kowane babban birnin yanki guda takwas, har da namu uku na Arewa. A Olembe ta Yawunde da Mbanga Bakoko ta Duwala kuwa tuni aka gina benaye don a sayar wa jama'a sashe-sashe, kuma 'yan uwanmu ma'aikata da 'yan kasuwa da ke can irin wannan zaman suke shiga. Mutum ya sayi ɗakunansa, amma rufi da tushe da matakala da bututun ruwa da ramin masai na kowa ne.

Kamaru tana da doka a kan wannan zama. Ita ce doka mai lamba 2010/022 ta ranar 21 ga Disamba 2010 kan mallakar gini ta haɗin gwiwa, dokokin aiwatar da ita kuma suka biyo baya a 2011. Ta bambanta abin da yake na mutum shi kaɗai da abin da yake na kowa. Ta tanadi ƙungiyar masu mallaka, da babban taronsu, da mai kula da gini wanda ake kira sendik, da kuma takardar ƙa'idojin gini wadda a cikinta ake rubuta kason kowa. Ma'anar tsarin ita ce, sendik wakili ne mai zartar da abin da taro ya yanke. Shi ba sarki ba ne. Ni da kaina, sai da takardar dubu 800 ta shigo mini ɗaki na fara neman sanin wannan doka, alhali shekara huɗu ina cikin ginin ban taɓa tambayar ina takardar ƙa'idojinmu ba. Ashe ma ba a taɓa rubuta ta ba. Laifin ba na Alhaji ba ne shi kaɗai. Mu ne muka bar masa komai saboda kunya da son hutu, shi ma ya saba.

Irin wannan tsari ya daɗe a Faransa, inda dokar 10 ga Yuli 1965 ke tafiyar da shi, kuma akwai abubuwa a cikinta da ya dace mai sashe a Garwa ya sani. A can ana auna kason kowa a cikin kayan haɗin gwiwa, galibi a lissafa shi cikin dubu, kuma da wannan kason ake ƙirga ƙuri'arsa, da shi ake raba kuɗin kula da jikin gini. Idan mutum ɗaya ya mallaki fiye da rabin ginin, ana rage ƙuri'unsa su dawo daidai da jimlar na sauran, don kada ya riƙa yanke hukunci shi kaɗai. Ana aika sammacin taro aƙalla kwana 21 kafin ranar, tare da abin da za a tattauna da takardun kwangilar da ake son a amince da ita. Wanda bai halarta ba ko ya ƙi amincewa yana da wata biyu ya kai ƙara kotu. Kowace ƙa'ida a cikin waɗannan, wata rigima ce ta haife ta, irin wadda muke yi yau a matakalar benenmu.

Mun je mun sami Alhaji mu huɗu bayan sallar isha'i. Na ce, “Baba Alhaji, ba ƙin gyara muke yi ba. So muke a zauna, a ga takardu, a raba kuɗin yadda aka raba ginin.” Ransa ya ɓaci. Ya ce shekara goma shi ke bin mai gyaran famfo da mai kwashe shara, sau da yawa da kuɗin aljihunsa, ba wanda ya taɓa ce masa sannu, sai yau da aka ce a kawo kuɗi kowa ya zama lauya. Ya ce damina tana tafe, taro kuma surutu ne.

Gaskiya ne, a wannan maganar yana da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Shawara tana cin lokaci. Sai da muka yi wata biyu kafin mu iya haɗa mutum shida a tabarma ɗaya, don ɗaya daga cikinmu direban babbar mota ne yana hanyar Kusseri, wani kuma yana zaune a Duwala ya ba da nasa haya. Da aka zauna, mutanen hawan ƙasa suka ce yoyon rufi bai shafe su ba, su ruwa ba ya zubo musu. Na sama suka ce to su ma warin masai ba ya isa gare su. Muka ɓata zama guda cur a kan wannan. Daga baya aka kawo ƙiyasi uku daga magina uku, aka zaɓi na sefa miliyan 4, aka raba gida takwas, dubu 500 kowane sashe, a biya sau uku. Mun rage dubu 800 daga jimlar kuɗin, dattijuwar nan ta sami sauƙin dubu 300. Amma ba a fara aikin ba sai ƙarshen Mayu, kuma ruwan farko mai iska ya riga mu. Silin ɗakin jikokinta ya jiƙe ya rufto cikin dare. Allah ya kiyaye, yaran suna kwance a falo saboda zafi. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake yi, don ina cikin waɗanda suka ja lokacin.

Wannan ne ya sa na ce ƙuri'a tana da iyaka. Duniya ta ga abin da jan ƙafa kan gyara ke iya zuwa da shi. A garin Surfside na jihar Florida a Amurka, wani bene mai hawa 12 da aka gina a 1981 ya rufta ranar 24 ga Yuni 2021, mutum 98 suka mutu. Tun 2018 wani injiniya ya rubuta rahoto cewa kankaren ginin ya yi mummunar lalacewa. Masu sassan suka shafe shekaru suna ja-in-ja kan kuɗi, har lissafin da aka ɗora musu ya kai dala miliyan 15, kuma ginin ya faɗi kafin a taɓa babban gyaran kankaren. Bayan haka, a 2022, Florida ta yi doka: benaye masu hawa uku zuwa sama dole a duba lafiyarsu idan sun kai shekara 30, kuma an karɓe wa masu sassa ikon da suke da shi a da na jefa ƙuri'ar ƙin tara kuɗin gyaran jikin gini. A Marseille ta Faransa ma, ranar 5 ga Nuwamba 2018, tsofaffin gine-gine sun rushe a titin Aubagne, mutum takwas suka rasu a wani gida da mutane da yawa suka mallaka sashe-sashe. Mu ma nan gida ba mu manta da benen da ya rufta a Duwala a watan Yulin 2023 ba, inda fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu. Kankare ba ya jiran a gama taro.

To yaya za a haɗa biyun, haƙƙin ƙuri'a da gaggawar gyara? Tsarin Faransa ya ba da hanya mai ma'ana. Idan akwai haɗari na gaggawa, sendik yana da ikon ya sa a fara aikin da zai ceci ginin ba tare da jiran taro ba, amma dole ya sanar da kowa ya kuma kira taro nan take, kuma abin da zai nema a hannun mutane kafin taron bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙiyasin aikin ba. Da haka muka yi a watan Fabrairu, da an toshe tsagar dal ɗin an tokare silin da kuɗi kaɗan, sannan mu zauna mu yi gardamarmu a tsanake kan babban aikin. Kuskuren Alhaji shi ne ya haɗa gaggawa da babban aiki ya yanke su duka shi kaɗai. Namu kuskuren shi ne da muka tsayar da shi, mun tsayar har da abin da bai kamata ya tsaya ba.

Kada wani ya ɗauka wannan duk hikimar Turawa ce. Duk wanda ya zauna gaban malami a zauren Hausare ko Fulbere ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, ya wuce ta kan hukuncin gidan da ƙasansa na wani ne samansa na wani. Malaman Malikiyya sun ɗora gyaran ƙasan a kan mai shi, kuma idan ya yi rauni har yana barazana ga na sama, ana tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Wato tun fiye da shekara dubu da suka wuce an fahimci cewa mallakarka ba ta ba ka damar barin gini ya faɗa kan maƙwabcinka ba. Abin da zamani ya ƙara shi ne yawan masu mallaka da girman kuɗin, shi ya sa ake buƙatar rubutu da ƙirga ƙuri'a.

Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, babbar mallakar haɗin gwiwa a Garwa ba bene ba ce, gidan gado ne. Gidaje nawa ne a Yelwa da Bibemire da Lopere da mai su ya rasu shekara 20 da suka wuce, ba a raba ba, ba a sayar ba, magada goma ko fiye suna da kaso? Katanga ta zube da damina, ko a ce za a cire tsohon kwano a sa sabo, sai babban wa ya yanke shi kaɗai ya kira magini, sannan a bi ƙanne mata da ke aure a Yola ko Mubi ko Marwa da waya: ki turo naki. Ba a tambaye ta ba, ba a nuna mata lissafi ba, kuma sau da yawa kuɗin da ake nema a hannunta daidai yake da na ɗan'uwanta namiji, alhali ranar rabon gado rabin nasa za a ba ta. Idan akwai shagunan haya a jikin gidan, ba ta ganin ko dala. Wannan shi ne lissafin Alhajinmu sak, sai dai a nan zumunci ne ke rufe bakin wadda aka ƙwara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gidajen gado da yawa da suka ƙare a gaban alƙali ko a fadar Lamiɗo, daga irin wannan gyaran da ba a yi shawara ba tsagar ta fara.

Ga abin da muka rubuta wa kanmu bayan silin ya faɗi, shafi biyu kacal, kowa ya sa hannu. Ina ganin zai yi wa kowane bene ko gidan gado amfani.

Kason kowa a rubuce yake, kuma shi ne ma'aunin ƙuri'a, shi ne ma'aunin biya. Rufi da tushe da matakala da masai na kowa ne, ko a wane hawa mutum yake. Duk aikin da ya wuce wani adadi da muka amince da shi, sai an kira taro da sanarwar mako uku, an kawo ƙiyasi aƙalla biyu a rubuce, an karanta su da Hausa da Fulatanci don wanda ba ya jin Faransanci. Wanda ba ya gari zai iya wakilta wani a rubuce ko ya faɗi matsayinsa da muryarsa a rukuninmu na WhatsApp, kuma rashin zuwansa ba ya hana a yanke. Idan mai sana'a da ya san gini ya ce akwai haɗari, shugaba zai sa a yi abin da zai tsare rai nan take, ya kira taro cikin mako guda. Shugaba ba ya ba ɗan'uwansa ko kamfaninsa kwangila sai ya faɗa a bainar taro, kuma ba ya jefa ƙuri'a a kan wannan. Kuɗi ba ya kwana a aljihun mutum ɗaya, sai da sa hannun mutum biyu ake fitar da shi, kuma kowane buhun siminti da risitinsa. Wanda ba shi da hali a lokacin, a ba shi damar biya kaɗan-kaɗan, ba a kai shi ga sayar da muhallinsa ba.

Abu na ƙarshe da muka rubuta shi ne asusun gyara, kuma shi ne ya fi ba ni takaici, don da mun fara shi tun farko da duk wannan bai faru ba. Sefa dubu 5 a wata kan kowane sashe, sassa takwas, dubu 40 ke nan a wata, dubu 480 a shekara. A shekara goma da ginin ya yi a tsaye, da mun tara miliyan 4 da dubu 800, daidai da kuɗin da aka zura mana ta ƙarƙashin ƙofa. Faransa ta mayar da irin wannan asusu dole tun 2017, inda ake zuba aƙalla kashi 5 cikin 100 na kasafin ginin kowace shekara. Mu da muka iya adashi ba ma buƙatar a koya mana. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 ya gasa kankare, sannan ruwan Agusta ya bi tsagar ya ci ƙarfen ciki, gyaran rufi ba ba-zata ba ne. Abu ne da aka san zai zo.

Ina kira ga mai shirin sayen sashe a bene, kafin ya miƙa kuɗi a ofishin noter, ya nemi takardar ƙa'idojin ginin, ya ga kasonsa a rubuce, ya tambayi yaushe aka yi taro na ƙarshe, nawa ke cikin asusu, kuma akwai wani babban gyara da ke tafe. Idan aka ce masa ai mu nan duk 'yan uwa ne ba ma buƙatar takarda, to ya ƙara bincike. Ina kuma kira ga limamanmu da jaurawa da masu unguwa, waɗanda ake kai wa irin wannan ƙara kullum, su riƙa tambaya ta farko: an kira kowa kafin a yanke? Har da matan?

Alhaji har yanzu shi ne shugabanmu, mu muka sake zaɓensa, wannan karon da ƙuri'a, don ba wanda ya kai shi sanin ginin. Ya biya miliyan 1 da dubu 500 ɗinsa, kuma shi ya sayi sabon silin ɗakin yaran daga aljihunsa ba tare da an roƙe shi ba. Dattijuwar kuwa ita ce ɗaya daga cikin masu sa hannu biyu a asusun, da ɗan yatsa take dangwalawa. Ranar Asabar ta farkon kowane wata tana hawa da sauka matakala da littafinta, jikanta na rubuta mata, kuma wallahi ba wanda ya isa ya ce mata sai gobe.